Zamiyar dawa: kalmar da nake nema tun daren Juma'a

1/
Salamu alaikum 'yan uwa. Wata kalma ce ta hana ni sakat tun daren Juma'a, na ga gara in kawo ta gabanku mu raɗa mata suna tare. Turawa na cewa backcountry skiing, wato wasan da ake yi da katako a ƙafa kan dusar ƙanƙara, can nesa da mutane. Mu me za mu ce?

2/
Ga mafarin zancen. Ƙanena da ke karatu a Tromso, can arewacin Norwe, ya turo bidiyo a WhatsApp ɗin gida. Shi da abokansa uku, fari fat iya ganinka, ba gida, ba hanya, ba ko itace ɗaya. Bayan isha'i muna zaune kan tabarma a ƙofar gida, nan Ƙofar Marusa, na miƙa wa Baba wayar. Ya gyara tabarau ya kalla har ƙarshe, ya sake maido shi farko. Sai ya ce, "Shi wannan abin da yake yi, mene ne sunansa?" Na ce, "Baba, wasan zamiya ne." Ya ce, "Wace irin zamiya ce mutum na hawa sama yana haki? Ni ban ga inda ya zame ba."

Kuma gaskiyarsa. Kusan duk bidiyon hawa ne, gangarowar sai can ƙarshe, ba ta kai minti guda ba.

3/
Ita "zamiya" ba ni da ja a kanta. Gidajen rediyo sun daɗe suna cewa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kunne ya saba. Duk wanda ya taso inda ake da falalen dutse, ya taɓa zama kan yankakkiyar jarka ya sulalo ƙasa, ya san abin da ake nufi. Matsalar tana ga rabin kalmar na farko, wato backcountry.

4/
Zamiya iri biyu ce a wurinsu. Akwai ta filin da aka gyara: ka sayi tikiti, ka hau kujera mai tafiya a jikin igiyar ƙarfe ta kai ka ƙololuwa, ka gangaro ta hanyar da mota ta daddale da dare, an kafa alamu, ga ma'aikatan ceto na sintiri. Irin wannan kujerar a 1936 aka fara aiki da ita, a Sun Valley ta jihar Idaho a Amurka. Ka ga ke nan baƙuwa ce. Tun kafin ta mutanen arewacin Turai ke ɗaura katako a ƙafa su tafi farauta ko su je garin maƙwabta, kuma a kan irin katakon nan Fridtjof Nansen ɗan Norwe da mutanensa suka ratsa tsibirin Girinlan a 1888.

Iri na biyu shi ne na ƙanena. Ba tikiti, ba kujera, ba wanda ya share maka hanya. Ƙafarka za ta kai ka sama, idonka zai zaɓar maka inda za ka sauko.

5/
Yadda suke hawa ba tare da sun sulalo baya ba shi ya fi burge ni. Suna manna wata doguwar fata a ƙasan katakon. Da can fatar wata dabbar teku ce, yanzu ana saƙa ta da gashin akuyar Angora ko nailan. Gashin duk gefe ɗaya ya kwanta. Ka shafa bayan akuya daga wuya zuwa wutsiya, hannunka zai wuce sumul. Ka juyo da shi baya, gashin ya miƙe ya tare ka. To haka take yi a kan ƙanƙara: gaba ta sulale, baya ta cije. Diddigen takalmin kuma a sake yake lokacin hawa, yatsu kawai ke kame. In sun kai sama sai su ɓare fatar su ninke a jaka, su kulle diddige, sannan a gangaro. Da na yi wa Baba bayanin akuyar nan take ya gane, har ya gwada da tafin hannu a kan tabarma.

6/
Washegari na kai maganar majalisarmu, aka yi ta kawo shawara. Wani ya ce "zamiyar bayan gari". Ban karɓa ba, don bayan gari kusa ne: filin idi ne, gonakin farko ne, kana can kana jiyo kiran sallah. Wani malamin makaranta ya ce "zamiyar ƙauye". Ita ma ba ta zauna ba. Ƙauye akwai mutane, akwai mai unguwa, in ka faɗi akwai mai ɗaga ka.

Sai aka ce "zamiyar daji". A ma'ana ta dace ƙwarai, domin Bahaushe ya daɗe da raba duniya gida da daji: dabbar gida da naman daji, zabon gida da zabon daji. Na kusa amincewa. Amma wani abokinmu ɗan Batsari ya yi shiru, can ya ce, "Don Allah a bar dajin nan." Kowa ya gane. A Katsina ta yau, in ka ce wa uwa ɗanta ya shiga daji, ba dusar ƙanƙara za ta faɗo mata a rai ba. Mutanen Batsari da Safana da Jibiya da duk gefen dajin Rugu sun san abin da kalmar ke ɗauke da shi yanzu. Ba na son in raɗa wa wasan samari sunan da zai sa gaban wani ya faɗi. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

7/
Shawarata ita ce ZAMIYAR DAWA.

Dawa tsohuwar kalma ce, tana nan cikin "manyan dawa" da "namun dawa". Tana nufin inda ba mulkin mutum, inda sai mafarauci da makiyayi ke kutsawa. Nisa na cikinta, kaɗaici na cikinta, kwarjini ma na cikinta. Na san za a ce a rubuce ta yi kama da dawar tuwo. Haka ne, amma a baki sun bambanta: ta hatsi ana jan wasalinta, ta jeji a gajarce take. A rubuce kuma kalmar zamiya da ke gabanta ta isa ta raba gardama.

8/
Abin da ya sa na nace a kan sunan da ke nuna nisa da mutane shi ne hatsarin da ke ciki. Dusar ƙanƙara hawa-hawa take kwanciya, ta yau a kan ta jiya. In akwai shimfiɗa mai rauni a ƙasa, nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsinke ta sama, gefen tsauni guda ya taho gaba ɗaya. An fi samun haka a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, wato daidai irin wanda masu zamiya ke so, kuma galibi wanda abin ya rufe, shi ko abokin tafiyarsa ne ya tayar da ita. Kafafen labarai na cewa zaftarewar dusar ƙanƙara, ya yi. Ni dai a baka "ruftawa" ta fi zo mini, kamar yadda muke cewa rami ya rufta da masu haƙar ƙasa.

Shi ya sa kowannensu ke ɗauke da abu uku: wata 'yar na'ura a ƙirji mai aika sigina, doguwar sanda mai naɗewa ta tsokana ƙanƙara a gano mutum, da shebur. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko yawanci yana rayuwa, daga nan sai abin ya yi ta wuya. Jirgin ceto ba ya isowa a wannan ɗan lokacin. Abokan da kuka fito tare su ne za su tone ka. Da na faɗa wa Baba haka, bai ce a hana shi ba. Cewa ya yi, "Kira min shi, in ji su wane ne yaran nan ukun."

9/
Sauran kalmomin ba su ba ni wahala ba. Mountaineering, "hawan tsauni". "Hawan dutse" mu bar wa irin Dala da Kufena da Kwatarkwashi, wanda za ka hau ka sauko ka ci abincin rana a gida. Tsauni kuwa irin su Chappal Waddi a Taraba mai mita 2,419, ko Kilimanjaro mai 5,895, ko Ebares mai 8,849 da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka fara takawa a 1953.

Kada wani ya ce ina ruwanmu da ƙanƙara. Samuel Ikpefan ya wakilci Nijeriya a zamiyar dogon zango a gasar Olamfik ta hunturu a Bejin a 2022, kuma an sa hawan tsauni da katakon zamiya cikin gasar 2026 a Italiya. A Maroko ma ana zamiya a Ukaimeden, kan tsaunukan Atlas. Mai karanta labarai da Hausa zai ci karo da waɗannan, dole ya sami abin faɗa.

10/
Saura guda ɗaya da ban warware ba: shi katakon kansa. Asalin kalmar ski a tsohon harshen mutanen Norwe tana nufin tsagaggen itace, kusan faskarenmu ke nan, amma faskare na murhu ne. Ni na karkata ga "falankin zamiya", malamin makarantar nan ya ce "allon zamiya". Mutanen Daura da Maraɗi da Damagaram, in kuna da wadda ta fi waɗannan ku ajiye ta a ƙasa, don ranar Lahadi ƙanena zai kira, kuma Baba ya ce da Hausa yake son a yi masa bayanin kayan ɗaya bayan ɗaya.