An saka ni a ayarin kula da annoba, me zan fara koya?

Kofur Sabon-hannu: Assalamu alaikum manyanmu. An saka sunana cikin ma'aikatan lafiyar da za su riƙa fita idan annoba ta ɓulla a bataliyarmu. Ni dai ɗaurin rauni da ƙarin ruwa na sani. Daga ina zan fara?

Anti Matiron: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da koyon cire kayan kariya. Sakawa kowa ya iya. Wajen cirewa ake kamuwa: ka gaji, gumi ya sauko maka ido, ka kai hannu ka share, shi ke nan. Kada ka taɓa cirewa kai kaɗai, a samu wani tsaye yana faɗa maka abin da za ka cire ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka haddace haɗin kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari na wanke kaya ne da ƙasa da gawa, mai 0.05 na wanke hannu. Ka juya su, ko dai ka ƙona fatarka ko ka bar ƙwayar cutar da ranta.

Tsohon Sajan: Ka ji maganar Anti. Lokacin Ebola a 2014 sojojin Birtaniya sun gina cibiyar jinya a Kerry Town ta Saliyo, na Amurka suka sauka Laberiya. Zafi ya fi komai wahalar da masu aikin, domin da kyar mutum ke kai awa guda cikin rigar nan. Sha ruwa kafin ka shiga. Ka maimaita sakawa da cirewa kamar fareti, har hannunka ya saba.

Likitan Bataliya: Ni kuwa abin da zan ƙara shi ne zargi da wuri. Dakta Stella Adadevoh ta ƙi sallamar Patrick Sawyer, wanda ya shigo da Ebola daga Laberiya, daga asibiti a Legas a watan Yulin 2014, duk da matsin da aka yi mata. Mutum 20 aka samu da cutar a Najeriya, 8 suka rasu, har da ita. A wajenmu zazzaɓin Lassa ya fi kusa da mu. Duk sojan da zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin maleriya, ka ware shi, ka tambaye shi inda ya je. Maganin ribavirin da ake ba masu Lassa ya fi amfani idan an fara shi cikin kwana shida na farko. Ka rubuta sunan duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da sojan, a bi su kwana 21.

Ɗan Lab: Don Allah kada a kawo mana jini cikin aljihun kaki! Kwalba, a naɗe da auduga cikin mazubi na biyu mai murfi, sannan akwati na uku. Kiran 6232 na NCDC, cibiyar daƙile cututtuka ta Najeriya, kyauta ne.

Tsohon Sajan: Kuma a leƙa sito ɗin abinci. Ɓera ne ke kawo Lassa, ba abokan gaba ba.

Kofur Sabon-hannu: Na gode ƙwarai. Anti, zan samu ki duba ni ina cirewa?

Anti Matiron: Zo ranar Alhamis bayan la'asar. Ka yanke farce kafin ka taho, dogon farce na huda safar hannu.