Messi ya yarda a rage rabin albashinsa amma rijista ta gagara: yaya abin ya same ku?

Ɗan Barcelona na Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk sanda kasuwar 'yan wasa ta buɗe sai mu koma gidan jiya. A sayo ɗan wasa, ya sa riga, a ɗauki hoto, sannan La Liga ta ƙi yi masa rijista saboda Barcelona ta zarce iyakar kuɗin albashi da aka sa mata. An yi da Koundé a 2022, an sake yi da Dani Olmo. Ciwon ya samo asali ne tun Agustan 2021, lokacin da Messi ya amince a zabtare rabin albashinsa a kan sabon kwantiragin shekara biyar, amma ranar 5 ga wata kulob ya sanar cewa ba zai yiwu ba. Ina so kowa ya faɗi yadda lamarin ya shafe shi da abin da ya gani da idonsa, ba abin da aka turo masa a WhatsApp ba.

Mai gidan kallo, Zariya:
Wa alaikumus salam. Ranar Lahadi 8 ga Agusta na tada janareta da hantsi, babu wasa ko ɗaya, don yara sun cika ƙofa suna son ganin jawabin bankwanan Messi. Ban karɓi ko sisi ba. Da ya fara kuka matarsa ta miƙa masa tishu, wani yaro da ke zaune a bencin gaba ya ja rigarsa ya rufe fuska, har aka gama bai ɗago ba. Gidan da ko bugun kwana sai an yi ihu, ran nan ƙarar janareta kawai kake ji.

Mako na zagayowa aka buga da Real Sociedad, aka ci 4-2. Ana gobe wasan ne Piqué ya rage nasa albashin, sannan aka samu damar yi wa Depay da Eric García rijista, kuma shi ya fara jefa ƙwallo da ka. Masu zaginsa kullum wai ya tsufa su suka fi kowa tsalle. Daga baya kuwa sai da na nemi tashar da ke nuna gasar Faransa, inda Messi ya koma, in ba haka ba rabin masu shigowa za su koma wani gidan.

Mai shagon riguna, Sabon Gari:
Ni asara na tafka. Na riga na sari sabuwar rigar kakar mai lamba 10 da sunansa, don kowa ya tabbatar magana ta ƙare, sa hannu kawai ya rage. Kafin kayan su iso shago ya karɓi lamba 30 a PSG. Da ƙyar na mayar da uwar kuɗi.

Hajiya Akanta, Kaduna:
Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ni kallon ƙwallo a wajen yarana na koya, amma wannan maganar ta aikina ce, kuma ta taɓa faɗa mini. Lokacin korona, kamfanin da nake wa aiki ya tara mu aka ce mu sa hannu a jinkirta wani kaso na albashinmu har kasuwa ta dawo. Muka sa, don ba ma son a sallami kowa. Da hannuna na shigar da kuɗin a littafi a matsayin bashin da ake bin kamfani. Da lokacin biya ya yi, sai fuskoki suka canza. Mu da muka yi haƙuri muka koma waɗanda suka fi kowa tsada, har aka fara raɗe-raɗin cewa mu muke danne kamfanin.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan yarana suna kiran De Jong, ɗan wasan Barcelona, mai kwaɗayi. A Oktoban 2020, kwanaki kaɗan kafin shugaban kulob na lokacin, Bartomeu, ya yi murabus, aka tsawaita kwantiragin De Jong da Piqué da Ter Stegen da Lenglet. Suka karɓi kaɗan a lokacin, aka tura sauran gaba. Ba yafewa suka yi ba. Da 2022 ta zo, albashinsa ya kumbura kamar yadda aka rubuta, sai aka so a sayar da shi ga Manchester United alhali, a cewar jaridu, yana bin kulob wajen Yuro miliyan 17. Wane ne a cikinku zai tattara kayansa ya bar wannan?

Kuma ku lura, iyakar kuɗin albashi da La Liga ke sawa ba ɗaya ba ce ga kowa. Ana duba abin da kulob zai samu, a cire kuɗin gudanarwa da basussuka, abin da ya rage shi za ka kashe a kan 'yan wasa da masu horarwa. Ta Barcelona ta kai Yuro miliyan 671 a kakar 2019/20, ta faɗo zuwa kusan miliyan 97 a 2021/22. Wanda ya zarce iyaka kuma, a dokar lokacin, in ya rage Yuro huɗu daga albashi, Yuro ɗaya kawai zai iya kashewa. Laporta, shugaban kulob da ya zo bayan Bartomeu, da bakinsa ya ce da Messi albashi ya kai kashi 110 cikin 100 na kuɗin shiga, ba shi kuma kashi 95. Ka ga rabin albashin mutum ɗaya ba zai cike wannan ramin ba.

Ɗan Barcelona na Fagge:
Hajiya, na ji bayaninki, amma Umtiti fa? Shi ai tsawaitawar ta yi amfani.

Hajiya Akanta, Kaduna:
Ta yi amfani a watan, ƙanena. A Janairun 2022 aka shimfiɗa kuɗinsa har 2026, aka yi wa Ferran Torres rijista. Amma mutumin da ba ya buga wasa aka ƙara wa shekaru. An ba da shi aro ga kulob ɗin Lecce na Italiya, a 2023 aka raba gari.

Direban babbar mota, Amurka:
Abin da Hajiya ta faɗa, a nan abincin yau da gobe ne. Ina jin shi a rediyo a kan hanya duk watan Maris, a gasar NFL ta ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a gudu da ita. Bambancin shi ne iyaka ɗaya ce ga duk ƙungiyoyi 32. A 2021 ta sauko daga Dala miliyan 198.2 zuwa 182.5 saboda korona. Sai ƙungiya ta kira tauraronta, ta mayar da mafi yawan albashin shekarar ya zama kuɗin sa hannu, ta biya shi nan take, a lissafi kuma ta raba shi har shekara biyar. Ƙungiyar Kansas City ta sha yi da tauraronta Mahomes. Ɗan wasa ba ya asarar komai, shi ya sa ba ka jin rigima irin ta De Jong. Ƙungiya ce ke ɗaukar nauyin: in ta sallami mutum, duk abin da ta tura gaba zai dawo mata. Da Denver ta sallami Russell Wilson a 2024, Dala miliyan 85 suka hau kan lissafinta a kan wanda ya tafi. Wani abokin aikina mai goyon bayansu ya daina kunna tashar wasanni a motarsa a lokacin.

Malamin makaranta, Damagaram:
Ni Real Madrid nake so, amma ban yi wa kowa dariya ba, don ƙanena ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Abin da ya fi damuna shi ne na 2022, da 'yan Barcelona suka sayar wa kamfanin zuba jari na Sixth Street kashi 25 cikin 100 na kuɗin talabijin ɗinsu na La Liga har shekara 25, don a yi wa su Lewandowski da Raphinha rijista. A majalisarmu an yi murna, sun kuma ci kofi a kakar. Na tambayi ƙanen nawa shekarunsa nawa ranar da wannan yarjejeniya za ta ƙare, ya ƙirga ya ce arba'in da huɗu. Hajiya, a littafinku wannan ciniki ne ko shi ma bashi ne?