Masaukin jami'a ko gidan haya? Abin da waɗanda suka riga mu zuwa Saudiyya suka gani

Sabon ɗalibi, daga Funtuwa

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Cikin ikon Allah sunana ya fito a jerin waɗanda Jami'ar Musulunci ta Madina ta ɗauka bana, kuma ina sa ran tashi da zarar biza ta fito. Wata bakwai ke nan da aurena, shi ya sa hankalina ya rabu biyu. Mahaifiyata tana ganin bai kyautu in tafi in bar 'yar mutane ba, wani abokina kuma ya ce in kama gidan haya tun kafin in sauka, har ya haɗa ni da wani da zai karɓi kuɗin ya kama mini. Ina roƙon waɗanda suka zauna a masaukin jami'a da waɗanda suka yi haya a cikin gari su faɗa mini abin da suka gani da idonsu, da kuma abin da ya kamata in sa a jaka.

Ɗalibin Kwalejin Hadisi, shekara ta huɗu, Madina

Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya sanya alheri. Tun da aka kafa jami'ar nan a 1961 yawancin ɗalibanta baƙi ne, saboda haka an tsara komai ne a kan wanda zai sauka shi kaɗai da jakarsa. Za a ba ka gado a masauki, wanda mu nan muke kira sakan, ba tare da ka biya ko kwabo ba, akwai ɗakin cin abinci mai rahusa, akwai motocin da ke kai ɗalibai Masallacin Annabi (SAW) su dawo da su. Lokacin da na shigo, mukafa'a, wato alawus ɗin da ake ba ɗalibi duk wata, riyal 840 ce. In ka lissafa ta wata 12 ba ta wuce riyal 10,080 ba, ni kuwa duk gidan iyalin da na taɓa taya wani nema, hayarsa ta shekara ta haura wannan, tun ba a zo maganar wuta da cefane ba.

Abin da ba a cika faɗa wa sabon zuwa ba shi ne, a sakan ne harshe ke buɗewa. Na zo da Larabcin littafi, ina iya i'irabin baiti amma ban iya tambayar kuɗin burodi ba. Ɗakina na farko mu huɗu ne, ni da wani ɗan Indunusiya da ɗan Tajikistan da ɗan Senegal, babu harshen da ya haɗa mu sai Larabci, ko da a kan wanda zai kashe fitila ne. Ɗan Tajikistan ɗin yana son ya ƙure na'urar sanyi har sai mutum ya ji ƙashinsa na ciwo, ni kuma ina tashi cikin dare in rage, shi ma ya tashi ya mayar. Sai da muka yi mako biyu muna wannan ɓoyayyen yaƙi kafin muka zauna muka yi magana, kuma ina jin ranar ce na fara yin jumla biyar a jere ban tsaya neman kalma ba. Waɗanda muka zo tare suka nemi a haɗa su ɗaki da 'yan gida zalla sun ji daɗin tuwo da hira, amma sun fi mu wahala a aji, musamman waɗanda aka fara kaiwa ma'ahadin koyon harshe.

Magidanci, Jami'ar Ummul Ƙura, Makka

Ni na yi abin da abokinka yake ba ka shawara, kuma ga yadda ta kaya. A shekarata ta biyu na kawo iyalina, na samu gida mai ɗaki biyu da falo a Aziziyya a farashin da ni kaina na yi mamakin sauƙinsa. Daga nan zuwa harabar jami'a da ke Abidiyya, can wajen Arfa, ba wata tafiya ba ce, ga masallatai ga kasuwa, na ce lallai na yi sa'a. Mai gidan ya kawo takarda, na duba sama-sama na sa hannu, don ina jin kunyar ya ga ɗalibin ilimi yana bin layi da yatsa.

Muna cikin Shawwal ya buga waya yana tambayar ranar da za mu kwashe kaya. Ashe hayar ta wata goma ce, kuma an rubuta ƙarara cewa za mu bar gidan kafin lokacin aikin Hajji, domin a nan ne yake samun ainihin kuɗinsa daga alhazai. Wannan tsohuwar al'ada ce a Aziziyya da sauran unguwannin da ke kusa da Mina, kowa ya san ta ban da ni. Ga uwargida da tsohon ciki, ga jarrabawa a gabana. Na tuna ina ɗaure katifa da igiyar shanya da tsakar rana, tukwane a cikin bokitin wanki, tana zaune a kan akwati a ƙofar bene tana fifita da kwali, muna jiran motar da za ta kai mu wurin wani ɗan'uwa a Shara Mansur, inda muka raɓe a ɗaki ɗaya har alhazai suka watse. Ban ga laifin mutumin ba, tunda bai ɓoye komai ba.

Madina ba ta kai Makka tsananin wannan ba, amma ita ma gidajen da ke kusa da Harami suna da lokacin da suke tsada. Duk sanda ka tashi yin haya, ka tambayi wata nawa ne, ka tambaya ko mitar wutar taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka ce, ka kuma buɗe famfo da hannunka ka tambayi maƙwabta ko ruwan yana yankewa, domin a wani gidan da na zauna daga baya sai da muka riƙa haɗa kuɗi ana kiran tankar ruwa. Galibi ana biyan haya ne kashi biyu a shekara, wato wata shida a dunƙule, kuma dillali yana da kashi 2.5 cikin 100 na hayar shekara.

Matar ɗalibi, Madina

Ƙanena, bari in yi maka magana da bakin wadda aka bari aka kuma dawo aka ɗauka. Maigidana ya yi shekara guda shi kaɗai a sakan, ina gidansu a Gusau, kuma ba zan ce ban yi kuka ba. Sai dai da na zo na fahimci abin da ya sa. Ba ya iya nema mini izinin zama sai nasa ya fito, kuma ko da na zo, tun bayan asuba yake fita, ya dawo da azahar, bayan la'asar ya sake wucewa Harami wurin darasin malamai har isha. Da a ce lokacin shi ma bai san hanyar asibiti ba, bai san inda ake sayen gas ba, ban san yadda za mu yi ba. Abin da ya cece ni shi ne ya zaɓi bene wanda matan ɗalibai uku 'yan gida suke ciki, ya bar wani da ya fi shi kyau da sauƙi a unguwar da ba mu san kowa ba. Su suka raka ni awo, su suka zauna da ni da na haihu. Ka gaya wa Hajiya cewa tikitin zuwa gida hutun ƙarshen shekara yana cikin abin da ake ba ɗalibi, ba tafiyar sai-wata-rana ba ce. In ka tashi haɗa kaya kuma, ka sa a daka maka yaji, a haɗa maka kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a ɗaure da kyau, domin kabsa da ful da tamis suna da daɗi, amma bayan wata biyu ranka zai nemi miyar gida.

Ɗan Damagaram, Riyad

Abu biyu kawai zan ƙara. Kowa yana ba da labarin zafin ƙasar nan, wanda a Madina yakan haura digiri 45, ba wanda ya gaya mini akwai sanyi. A watan Janairu na farko da rigar shadda ɗaya na fita sallar asuba, na dawo haƙorana na haɗuwa, don haka ka taho da rigar sanyi mai kauri da safa. Na biyu, soket ɗin nan mai baki uku ne irin na Najeriya, kai ba ka da matsala, mu 'yan Nijar ne muke neman mahaɗi. Amma a wasu tsofaffin gidaje har yanzu akan tarar da layin wuta mai ƙaramin ƙarfi a gefen mai ƙarfin volt 220, sai ka tambaya kafin ka jona kaya. Ka kuma sa a ranka cewa mako a nan Lahadi yake farawa, Juma'a da Asabar ne hutu.

Dattijo, haifaffen Makka

Ɗana, kakana da ƙafa ya zo ƙasar nan ta Sudan, a nan aka haifi mahaifina aka haife ni, kuma na daɗe ina ganin yaranmu suna zuwa karatu. Kada ka tura wa kowa kuɗin gidan da ba ka taka ba, ko da da Hausa ya yi maka sallama. Haya a yanzu ana rubuta ta ne a tsarin gwamnati da ake kira Ejar, da lambar iƙamarka, wato katin izinin zama, da ta waya, kai kuwa ba ka da iƙama tukuna, to da sunan wa za a rubuta? Wani yaro ya taɓa zuwa wurina da hoton gida a wayarsa da shaidar kuɗin da ya tura, muka je unguwar muka tarar da mutane a ciki shekara uku suna zaune, wanda ya karɓi kuɗin kuma lambarsa a kashe.

Sai maganar kaya. A filin jirgi za ka haɗu da mai cewa ka taimaka ka riƙe masa ƙulli ka kai wa 'yar'uwarsa. Ka ba shi haƙuri, ko tsohuwa ce sa'ar kakarka, domin hukuncin miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan yana kaiwa ga kisa, kuma jakar da ke ɗauke da sunanka ita ake tambaya. Goro ma hukumomin alhazai sun sha gargaɗi a kansa, ka bar shi a gida.

Tsohon ɗalibi a Khartum, yanzu a Jidda

Ni a Jami'ar Afirka ta Duniya na fara karatu, mu biyar muna haya a Arkawit. Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, muna cikin azumi, muka wayi gari da ƙarar bindigogi, yaƙi ya ɓarke a Sudan. Da aka zo kwashe mu zuwa iyakar Masar, waɗanda ke cikin harabar jami'a tare suke, sunayensu a rubuce, mu na cikin gari kuwa sai da muka yi ta neman juna a waya ga caji na ƙarewa. Na fito da fasfo a aljihu, amma takardar sakandare da sakamakon shekara biyu suna cikin akwatin da na bari a ƙarƙashin gado, kuma na fi shekara ina fama kafin in haɗa madadinsu. Ba ina kwatanta ƙasashen biyu ba ne, Allah ya zaunar da ko'ina lafiya. Tun daga lokacin dai takarduna na asali da fassararsu ta Larabci da hotunan fasfo suna cikin jaka ɗaya ƙarama da ba ta shiga cikin manyan kaya, kuma kowace takarda na ɗauki hotonta na aika wa yayana a Zariya.

Sabon ɗalibi, daga Funtuwa

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na kira mutumin na ce ya dakata, ya ce gidan ba zai jira ni ba, na ce na yafe. Jiya da dare na karanta wa Hajiya abin da Yaya ta rubuta, ta yi shiru, daga baya ta tambaya ko gwangwanin yaji ɗaya zai kai ni hutu. Saura in ji daga Malam na Kwalejin Hadisi: ana barin mutum ya dafa nasa abincin a sakan, ko in bar ƙaramar tukunyar da aka saya mini a gida?