Iddata ta cika, ga ɗiya uku: ku da kuka riga ni, ta ina kuka fara?

Maman Nafisa, Bagalam

Salamu alaikum ƴan uwana mata. Juma'ar da ta wuce iddata ta cika. Shekara 11 na yi a gidan, ɗiya uku: Nafisa mai shekara 9, ƙanenta mai 6, sai auta mai biyu da rabi. Ba zan faɗi abin da ya raba mu ba, uban ɗiyana ne, kuma gobe su ma za su iya karatu. Takarda dai ƙanensa ya kawo mini, layi biyu a fallen littafin lakwal.

Yanzu ina gidan Baba a nan Maraɗi, a ɗakin Inna muke kwana mu biyar. Gadona yana jingine a zaure, kwanonina suna cikin buhu. Matan yayyena biyu suna gidan. Ba su ce mini komai ba, amma ranar da Nafisa ta nemi ƙarin tuwo na ga yadda suka kalli juna, tun daga ranar nake cewa na ƙoshi. Jika 18 ke hannuna da ƴan kunnen zinariya na aurena. Ban taɓa sana'a ba, sai kitson da nake yi wa maƙwabta kyauta. Jiya kuma aka aiko wai in shirya manyan biyu, kakarsu ta wajen uba za ta riƙe su.

Haƙuri kowa ya ba ni, na gode. Wadda ta bi wannan hanya, don Allah ta gaya mini abin da ta yi da hannunta a watan farko.

Maman Abdul, unguwar Zariya, Maraɗi

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Zancen yaran nan shi ne na gaggawa, sana'a ta ɗan jira. Kada ki shirya su, kada kuma ki yi faɗa da ɗan aike. Ki ce sai Baba ya yi magana.

Ni a 2017 aka sake ni, kuma da hannuna na miƙa Abdul yana da shekara 5, don kowa a gidanmu cewa ya yi ɗa na uba ne. Bayan wata bakwai na je na tsaya bakin lakwal ɗinsu lokacin tashi. Ya fito da takalmi ƙafa ɗaya a tsinke, ya ɗaure shi da leda, kansa duk makero. Da ya hango ni bai rugo ba. Tsayawa ya yi yana waige-waige, ashe an hana shi. Daga nan ban koma gida ba, gidan wani malami na zarce a Limanci. Shi ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba a bakin kowa: a mazhabar Malikiyya da muke bi, riƙon yaro haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Ci da sutura da magani kuma suna wuyan uba ko da ɗan yana hannunki. Sai kin yi wani aure riƙon ke barin hannunki, ko a nan ma mahaifiyarki tana gaba da dangin uba. Karɓe yaro da an yaye shi ko in ya kai shekara bakwai, wannan al'adarmu ce kawai.

Sai dai ki sani, a Nijar har yau ba mu da kundin dokar iyali. Da al'ada ake duba irin wannan magana a jastis, alƙali yana zama tare da dattawa masana al'ada da addini, don haka wanda ya raka ki yana da nauyi. Mun fara da mai unguwa bai yiwu ba, sannan muka tafi jastis ni da kawuna. Zuwa huɗu muka yi. An mayar mini da Abdul, an yanka wa ubansa jika 15 a wata. Yakan ba da na wata biyu ya tsallake uku, ba zan ɓoye miki ba. Amma ɗana a ɗakina yake kwana, bana yana kwaleji.

Fallen takardar nan ki adana shi kamar zinariyarki, ki kai jastis a ba ki shaidar saki mai hatimi. Ki kuma karɓo takardun haihuwar yaran tun kafin ku daina ga-maciji da dangin. Ni sai da jarrabawa ta matso na fara neman ta Abdul, na sha wahala.

Hajiya Inna, Mokoyo

Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Ɗiyata, kallon nan na matan yayyenki na san shi, kuma kada ki riƙe su a zuci. Tukunyar da aka saba auna mata tiya biyu, an wayi gari baki huɗu sun ƙaru, su ma lissafi suke.

A 1996 na fito da ɗiya biyar, shekara biyu bayan an karya darajar sefa, komai na kasuwa ya yi tsada. Wata maƙwabciyarmu mai ƙuli-ƙuli ta ce in zo in riƙa taya ta. Wata guda na yi ina soya mata gyaɗa, ina murzawa, ina fecewa, ladana kwanon ƙuli da ɗan mai. A nan na koyi aikin: yadda ake zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya tashi, in kin yi gaggawa kika malala ruwa kin kashe shi. Sannan na karɓi gyaɗa tiya uku bashi. Da asuba nake tashi, kafin hantsi kafaɗuna kamar ba nawa ba. Man yakan mayar da uwar kuɗi, ƙulin shi ne ribata. Ranar da na fara zuwa da tiyar hatsi ta kuɗina na juye a ƙwaryar gidan, matar wana ce da kanta ta ɗebo wa ɗiyana fura.

Abin da ya ɗaga ni kuwa asusun Mata Masu Dubara ne. Ƙungiyar CARE ta fara shi a nan yankin Maraɗi a 1991, daga nan ya bazu har wasu ƙasashe. Mu talatin ne a namu, kowane mako dala ashirin, akwati da kwaɗo uku, mabuɗan a hannun mata uku daban. Ba wanda ya ba mu ko dala, kuɗinmu ne muke ranta wa juna. Da aka yi rabon farko na sayi jar akuya, irin tamu ta Maraɗi da ba ta rowar tagwaye. Daga zuriyarta na yi wa ɗiyata ta fari kayan ɗaki, daga nan kuma na fara turke ragon layya.

Ki tambaya a unguwarku, ba za a rasa asusu ba. Ƴan kunnen nan kada ki sayar yanzu, ranarsu tana zuwa. Nafisa kuma ta isa ɗaukar tire, nawa duk da talla suka taimake ni.

Maman Fati, Ali Ɗan Sofo

Inna, Allah ya ƙara girma, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amma zancen talla ki yi mini afuwa. Garin yanzu ba na wancan lokaci ba ne. Na ɗora wa Fati tallar awara tana da shekara 10, wata rana magariba ta yi ba ta dawo ba. A tasha na same ta zaune kusa da wani mai shayi, ya ce ta jira sai ya tashi zai biya ta. Ba abin da ya faru, Alhamdulillahi, amma daga ranar a ƙofar gida nake suya, mai so ya zo. Ciniki ya ragu, na yarda. Yaya, ki bar Nafisa a lakwal.

Kuskurena na biyu shi ne na juye duk abin da na mallaka wuri guda. Farkon 2023 na sayar da gado da kujeru na sayi firigo na hannu. Azumin shekarar ya faɗo cikin zafi, ƙanƙara da zoɓo da lemun tsamiya ba sa kai la'asar sun ƙare, har na fara tambayar kuɗin fili. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Firigo ya koma akwatin ajiye kwanoni, mata masu zuwa Jibiya sari su ma duk suka zauna. Da ban iya awara ba da ban san inda za mu sa kanmu ba. Jika 18 ɗin nan ki raba shi, kada ki taɓa rabi. Kitson da kike yi kyauta kuwa ai sana'a ce da ba ta son jari, kibiya ce da man kitso. Kunyar cewa a biya ki ce kawai za ki cire.

Wata ƴar uwa, a sakaya sunana

Ni abu ɗaya zan ce. Za su fara zuwa, tun ma ba ki gama kuka ba. Wasu da niyyar kirki, wasu don sun ji an ce bazawara ba ta da wuya. Ƴan gida kuma za su riƙa cewa ki rufa wa kanki asiri.

Wata biyu da fita idda na yi aure, ba don so ba, don in bar ɗakin tsohuwata ne. Ya yi alkawarin zai riƙe ɗana kamar nasa. Da na tare, yaran gidan ba su taɓa kiran sa da sunansa ba, sai agola. In an sayo kayan salla nasa ne ake mantawa. Wani dare na tashi na tarar da shi a bakin murhu yana kankare ƙanzon tukunya, shekararsa 7, ya ce in yi shiru kada a ji. Auren bai kai shekara biyu ba, na fito da goyo. Ban ce kada ki yi aure ba, ni ma ina fata har yanzu. Amma ki bari sai kina da abin sayen sabulunki, ki kuma yi zancen yaran a gaban waliyyai tun ba a shafa fatiha ba.

Malama, Sabon Gari

Allah ya saka wa Maman Abdul, amma kada a ɗauka duk wadda ta bar ɗiya wajen uba ta yar da su. Ni ƴar kwantaragi ce, lokacin da aka sake ni wani ƙauye ake tura ni koyarwa bayan Gidan Rumji. Maza biyun na bar su wajen kakarsu, mace mai tsoron Allah, na tafi da ƙaramar. Mun zauna gaban yayan ubansu aka tsaida magana: duk hutu suna wajena, in ɗaya ya yi ciwo a kira ni ko da tsakar dare ne. Shekara shida ke nan ba a saɓa ba. Yaya, ke kika san surukarki. Ki tambayi kanki hannun wa yaran za su faɗa in ta kwanta ciwo, don sau da yawa da sunan kaka ake karɓa, matar uba ke riƙo.

Abin da ya fi ci mini rai ɗakin haya ne. Gida biyar na shiga a garin nan, da kuɗina a hannu, tambayar farko ita ce ina maigidan. Wani ya ce mini a fuska ba ya ba mace marar aure ɗaki. Sai da Babana ya taka da sandarsa ya ce ɗiyata ce, ni ne shaidarta. Saboda haka ko kin samu hali kada ki fita gidanku da faɗa, za ki buƙaci tsohon nan. Autarki kuma tana cikin ƴan ƙasa da shekara 5 da gwamnati ta ce a duba kyauta, ki riƙe katinta kusa, ko da wani lokaci sai kin sayi maganin a waje.

Maman Nafisa, Bagalam

Na karanta duka, wasu sau biyu. Na karanta wa Inna na Hajiya, ta ce ta san asusu biyu a nan Bagalam, ɗaya ran Laraba suke zama.

Daren jiya bayan isha'i na samu Baba a zaure, kusa da gadon nawa, na durƙusa na gaya masa abin da malamin Maman Abdul ya ce. Ya daɗe bai yi magana ba, yana jan tasbaha. Sannan ya ce shi ma ya san hakan a karatu, nauyin surukai ne ya rufe masa baki. Ya ce gobe zai aika a gaya musu yaran suna nan, in da magana su zo su same shi shi da liman. Malama, na yi tunanin tambayarki: kakarsu ba ta ko iya tashi sai an kama ta, amaryar da za a kawo ce za ta riƙe su.

Yau da hantsi maƙwabciyarmu ta turo ɗiyarta kitso kamar kullum. Da na gama na ce ta gaya wa mamanta dala arba'in ne, bakina har rawa yake. Yarinyar ta tafi, ta dawo da dala talatin, wai sauran sai gobe. Na sayi sabulu da ɗan sukari, na ajiye a inda matan yayyena ke ajiye na gida.

Maman Abdul, in za a je neman takardar nan mai hatimi, dole sai da shi za a je, ko ni da Baba mun isa?