Waɗanda aka cire wa haƙora kafin a sa musu ƙarfe, ku zo ku ba ni labari

Autar Mama:
Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda abin ya faru a bakinsu nake nema, ba masu "na ji an ce" ba. Shekarata 23. Haƙorana na sama sun turo gaba, na ƙasa kuma sun hau kan juna, in na yi shiru leɓe ba ya haɗuwa sai na matse shi. Tun firamare nake shan tsiya a kansu. Watan jiya na je sashen haƙori na Asibitin Malam Aminu Kano, aka ɗauki hoton baki gaba ɗaya da wani na kai ta gefe, aka cika min baki da wani abu kamar ƙullin ƙosai aka fitar da siffar haƙoran. Likita ta ce za a sa ƙarfen da ke jera haƙora ya daidaita su, amma sai an cire huɗu tukuna, biyu sama biyu ƙasa, waɗanda ke bin bayan fiƙa. Lafiyarsu ƙalau fa, ko kogo babu. Mama ta ce ba da yawunta ba, wai cire haƙorin sama yana kashe ido. An ba ni Laraba mai zuwa, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Yaya zafin yake? Kuma giɓin yana rufewa da gaske?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Huɗun nan aka cire min ina shekara 27. Ba rana ɗaya aka yi ba, na dama biyu aka fara, bayan sati na koma aka cire na hagu, don in samu gefen tauna. Abin da ya fi zafi a duk aikin allura ce, musamman ta ganɗa. Sai da hawaye ya zubo min ban shirya kuka ba. Amma nan da nan ta wuce. Daga nan baki ya mutu murus, sai dai ki ji ana dannawa ana girgizawa kamar mai son tuge turke. Ƙarar ce babu daɗi, wani ƙas-ƙas da za ki ji a tsakiyar kanki. Na ƙasa kafin in gama salati uku ya fita. Na sama ya ɗan ja lokaci, likitan ya ce yawanci saiwa biyu gare shi, sirara, dole a lallaɓa kada ɗaya ta karye a ciki.

Abin kunyar a hanya ya same ni. Na shiga adaidaita sahu da auduga a baki, leɓe ya yi nauyi kamar na aro, ashe miyau na ta ɗiga a hijabina ban sani ba, sai da wata tsohuwa ta miƙo min hankici tana min sannu. Ki tafi da takunkumi, ki kuma tafi da 'yar rakiya.

Hajjaju:
Ki gaida Mama ki ce shekara tara da cire nawa na sama, har yau ni nake zura wa kakarmu zare a allura.

Bazazzagi:
'Yar uwa, cirewar ba komai ba ce, abin da za ki yi bayan kin dawo gida shi ne magana. Ni na ja wa kaina. An ce in cije auduga wajen rabin awa, kada in kurkure baki, kada in yi ta tofar da yawu har kwana ɗaya, kada in zuƙi komai da tsinke. Ni kuwa ɗanɗanon jinin ya ishe ni, ina isa gida na kurkure da ƙarfi, da daddare kuma abokai suka ja ni wajen shisha. Allah Ya yafe mana. Kwana biyu lafiya lau. Ranar na uku wani ciwo ya taso daga muƙamuƙi har cikin kunne, farasitamol ko gezau, baki kuma na wari ni kaina ina ji. Da na koma aka ce gudan jinin da ya toshe ramin ne ya fita, ƙashi ya zauna a fili. Aka wanke, aka cusa wani magani mai ƙamshin kanumfari, kafin in kai bakin titi na ji sauƙi. Sai da aka ɗaga ranar sa min ƙarfe saboda wannan gangancin. Gudan jinin nan shi ne murfin, ki bar shi, ko da harshe kada ki riƙa leƙa shi.

Autar Mama:
Subhanallahi, sannu Yaya. To alwala fa, in an ce kada a kurkure baki?

Bazazzagi:
Na tambayi limaminmu lokacin cire na biyu, ya ce a mazhabar Malikiyya kurkurar baki sunna ce, ba farilla ba, alwalarki ta yi ko ba ita. Washegari sai ki fara da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ki juya kai a hankali, ki buɗe baki ruwan ya zubo da kansa.

Baban Sadiq:
Ni zan ɗan saɓa da jama'a, a yi haƙuri. 'Yata tana shekara 12 wani likita ya ce a cire mata huɗu. Zuciyata ba ta kwanta ba, na ɗauki hotunan na kai wa wata ƙwararriya a Kaduna. Ta auna ta ce cunkoson bai kai a cire ba, kuma yarinyar tana kan girma. Aka ɗan faɗaɗa mata muƙamuƙin sama da wani ƙarfe mai makulli da muke murɗawa a gida, daga baya aka goge gefen wasu haƙoran kaɗan-kaɗan, ko rabin milimita bai kai ba. Yanzu ta gama, haƙoranta cif. Ba na ce naki haka yake ba. Amma haƙorin babba ba na famfara ba ne, da za a jefa kan rufi a ɓoye wa ƙadangare giɓi a jira sabo. In ya fita ya fita ke nan. Kuɗin ganin likita na biyu bai kai na atamfa ɗaya ba.

Ɗalibar Haƙori:
Baba ya yi gaskiya, amma a lura, yarinya mai girma daban, mai shekara 23 daban. Ni aji biyar nake a karatun haƙori, kuma nawa biyu na sama aka cire kafin in shiga jami'a, don haka na zauna a kujerar kafin in tsaya a bayanta.

Lissafin wuri ne kawai. Kowane ɗaya daga waɗannan haƙoran faɗinsa kusan milimita 7 ne, in an cire dama da hagu an samu kusan 14 a muƙamuƙi ɗaya. Da wannan filin ake warware waɗanda suka hau juna, a kuma ja na gaba baya. Dalilin zaɓensu shi ne suna tsakiya, kusa da inda matsalar take, kuma kowane gefe akwai ɗan uwansa a bayansa da zai ci gaba da aikin. Irin bakin da kika kwatanta, mai turowa har leɓe ba ya rufuwa, in aka jera haƙoran ba a cire komai ba, to babu inda za su sai gaba. Za su miƙe, amma bakin zai ƙara tsini. Hoton gefen nan da aka ɗauke ki, abin da ake aunawa ke nan.

Gardamar ma ta girmi kakanninmu. Edward Angle, Ba'amurken da ake kira uban wannan fanni, ya rantse a kan kada a cire ko ɗaya. Ɗalibinsa Charles Tweed ya bi koyarwar shekaru, ya ga fuskokin mutanensa sun turo, haƙora kuma suna komawa gidan jiya, sai ya sake musu aiki ya cire huɗun nan, ya nuna sakamakon a wajajen 1940. Tun daga nan ake ja-in-ja, kowane baki da hukuncinsa.

Maganar ido kuwa, jijiyar gani daban take da jijiyar haƙori. Ina jin abin da ya haifi zancen shi ne fiƙar sama in ta ruɓe ta yi ƙurji, kumburin yakan hau har ƙasan ido. Wannan ciwon da aka ƙi cirewa ne, ba cirewar ba.

Abu ɗaya da zan roƙe ki: kafin allura ki faɗa musu in kina da sikila, hawan jini, ciwon suga, ko ciki, ko kina shan maganin tsinka jini. Kada ki sha asfirin don ciwon, yana ƙara zubar jini. Kuma ki karya kumallo kafin ki tafi, na ga ƙato ya sulale a kujera saboda yunwa da tsoro, ba don aikin ba.

Bamaraɗe:
Salamu alaikum. Ni daga Maraɗi nike zuwa Kano wurin lokotoro, ta Jibiya. An cire mini huɗu a farkon 2023, aka sa ƙarfe, duk wata ina zuwa a ɗaure. Giɓi ya fara matsewa sai aka yi juyin mulki a Yamai ƙarshen watan Yuli, aka rufe boda. Ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Wata bakwai da ɗoriya ba wanda ya taɓa bakina. Roba ta saki, ƙarfe biyu suka ɓalle, waya ta zame tana sukar kumatuna har na sa ƙanena ya datse ta da abin yanke farce. Da na koma, lokotoro ya duba ya girgiza kai, ya ce haƙoran baya sun kwanto cikin giɓin, sun cinye wurin da aka tanada don na gaba. Aikin da aka ce shekara biyu, yanzu ina cikin ta uku.

Ba tsoro nike ba ki ba. Amma kowa nan yana maganar ranar cirewa, ni kuwa ranar ko tuna ta ba ni yi. Abin da za ki tambayi kanki shi ne, shekara biyu masu zuwa kina garin? Kuɗin na hannu, ko dai rabi ne ake fatan Allah Ya kawo saura? Wanda bai fara ba yana da haƙoransa. Wanda ya gama yana da kyawunsa. Na tsakiya shi ne abin tausayi.

Ɗan Sabon Gari:
Wallahi Bamaraɗe kamar ka shiga zuciyata. Ni boda ba ta rufe ni ba, aljihu ne. Na biya kafin alƙalami, aka cire biyu, kasuwa ta juya, ban koma ba. Shekara biyu ke nan ina yawo da giɓi hagu da dama ba ƙarfe ba dalili. Kuma ku yi hankali da masu manna ƙarfen ado a shaguna, wata ƙanwar matata ta sa na gayu, dasashinta ya kumbura sai da aka je asibiti aka ɓamɓare.

Amaryar Bara:
Autar Mama, amsar tambayarki ta biyu: yana rufewa, amma da tafiyar hawainiya. An ce min in lissafa kamar milimita ɗaya a wata, kuma ba a fara jan giɓin sai an gama jera haƙoran, wanda shi ma watanni ne. Ni wata biyar na farko kullum ina gaban madubi ina cewa an cuce ni, ramin yana nan yadda yake. Sai aka sa wata roba mai kama da sarƙa, daga nan abu ya fara motsi. Ana cikin haka sai ga wushirya ta buɗe min a gaba, ni da ban taɓa yin ta ba. Ƙawaye suka ce in ce a bar min ita. Wata biyu ta ɓace.

Kuskurena ɗaya, ban lissafa da biki ba. An sa rana ina wata na takwas, giɓi rabi a buɗe. Duk hotunan kamu da dina bakina a rufe yake kamar an min dole, har dangin ango suna cewa amarya akwai kunya. In akwai mai magana a ƙasa, ki faɗa wa likitarki tun yanzu.

Abinci kuwa, kwana biyun farko kunun gyaɗa da ya huce, yogot, fura da nono da cokali, sai faten dankali. Tuwo mai laushi da miyar kuka ya wuce lafiya. Shinkafa da dambun nama su ne 'yan bala'i, suna shigewa ramin. Bayan an sa ƙarfe kuma ki yi sallama da rake, aya, ƙuli-ƙuli, goro da kilishi. Kilishin ne ya fi min ciwo. An cire min ƙarfe a wata na 26, yanzu abin riƙewa nake sawa da daddare, an ce in na yi wasa da shi za su koma.

Maman Biyu:
Na manta, kada ki yarda ya faɗo cikin azumi. Na hagu nawa saura kwana biyu Ramadan aka cire, ga shan magani ga ƙishirwa, ban ji da daɗi ba.

Autar Mama:
Jama'a na gode, Allah Ya saka da alheri. Na dawo da labari. Ban je Larabar ba, na roƙi a ƙara min sati biyu. Na bi shawarar Baban Sadiq na kai hotunan wani wurin, shi ma ya ce huɗun ne, har ya ɗora ruler a hoton gefen ya nuna min inda leɓena yake da inda ya kamata ya tsaya. Maganar Bamaraɗe kuma ta sa muka zauna da Yayanmu muka yi lissafin kuɗin har ƙarshe, ya ce ya ɗauki rabi, sauran daga adashina.

Jiya aka cire na dama biyu. Mama da kanta ta raka ni, ta zauna a waje da carbi. Allurar ganɗa kam Maman Biyu ba ki yi ƙarya ba. Ina fitowa, kafin ta ce min sannu sai ta ɗaga yatsu uku ta ce nawa ne nan. Na nuna mata uku da hannu saboda audugar. Ta karɓi haƙoran a ƙunshe cikin takarda ta ce ita za ta binne su a bayan ɗaki.

Yau kumatun ya ɗan tasa kaɗan, ciwon bai kai na mara ba. Na fara ruwan gishiri. Na hagu sai Laraba ta sama. Anti Amarya, koko da ɗumi-ɗumi zan iya sha yau, ko in ƙara kwana?