Garin sitem sel ya haɗa 'yan zaure faɗa

Baban Halifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwananmu biyar a asibiti da Halifa, sai yanzu barci ya ɗauke shi na samu damar rubutu. Kun san sikila gare shi, SS ne, shekararsa tara. Wata biyu da suka wuce yayar matata ta kawo mana wani gari a 'yan ƙananan ledoji, wai shi sitem sel, a zuba a ƙarƙashin harshe kafin a karya. Ta ce yana sabunta jini, har SS yana komawa AA. Kwali huɗu na saya, N180,000, kuɗin makarantar yara. Abin da ya fi ƙona min rai, cewa aka yi a dakatar da maganin asibiti kada su yi karo, uwarsa ta ajiye haidroksiyuriya ban sani ba. Ranar Talata da dare ciwo ya tashi, ƙafa da ƙirji, sai da aka ƙara masa jini leda biyu. Na faɗa kuma ba zan janye ba, wannan sitem sel da ake ta yayatawa, daga na leda har na Indiya, duk damfara ce. Don Allah wanda ya san inda ake samun haidroksiyuriya da sauƙi a Kano ya faɗa min, aljihu ya bushe.

Maman Ilham: Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Anti Binta: Amin. Amma Baban Halifa ka auna maganarka. Damfara fa ka ce. Shekarata uku ina sayar da irin wannan garin, kowa a zauren nan ya san ƙofar gidana. Ɗan damfara shi ne mai karɓe kuɗi ya kashe waya. Ni da kuɗina nake sarowa, ina sha, mahaifiyata tana sha. Uwar da ta haife ni nake damfara ke nan?

Baban Halifa: Anti, ban kira sunanki ba.

Anti Binta: Ba sai ka kira ba. "Duk" ka ce.

Barista Lawal: A shari'ance Anti tana da abin faɗa. Kafin a ce mutum ya yi damfara sai an tabbatar ya san ƙarya yake yi, kuma ya yi ta ne don ya raba ka da dukiyarka. In yayar matarka ta yarda da garin har zuciyarta, niyyar babu.

Sadik Indiya: Barista, 419 dai 419 ne, ko da niyya ko babu.

Barista Lawal: Ka ga inda jahilcin doka yake. Sashe na 419 na kundin laifukan Kudu ne. Mu a Arewa final kod muke bi, sashe na 320 ne ya yi bayanin cuta.

Ustaz Nura: Ku ajiye lambobin nan. Sunan abin algus. Manzon Allah (SAW) ya tura hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa busasshe a sama, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Yana cikin Muslim.

Anti Binta: To fa. Daga damfara an koma algus. Ustaz, me na gauraya? A rufe yake zuwa, a rufe nake bayarwa.

Habu Lab: Sunan aka gauraya, Anti. Ki juya kwalin ki karanta bayansa. Duk waɗanda na gani tsiro ne, tuffa da inabi da makamantansu, an busar an niƙa. Sitem sel ɗin da likitoci ke nufi ƙwayar halitta ce mai rai ta jikin mutum, uwa ce da ke haifar sauran ƙwayoyi. Ta jini a cikin ɓargo take zaune, ita ke ƙera jajayen ƙwayoyin jini da farare tun daga haihuwa har kabari. Ta mai sikila tana ɗauke da S tun daga iyaye, shi ya sa jinin da take ƙerawa yake lanƙwashewa kamar lauje ya toshe ƙananan jijiyoyi. Busasshiyar ƙwayar tuffa in an haɗiye ta, ciki ne zai narkar da ita kamar tuwo. Ba ta da hanyar zuwa ɓargo, in ma ta je, tuffa ce dai.

Sista Rabi: Habu ya yi daidai, amma Baban Halifa kai ma ka yi kuɗin goro. Dashen ɓargo gaskiya ne, kuma yana raba mutum da sikila. Tun 1984 aka ba da rahoton na farko a Amurka, wata yarinya ce mai sankarar jini haɗe da sikila, aka dasa mata ɓargon ɗan uwanta don sankarar, sai sikilar ma ta tafi. Sai dai ba abin zubawa a harshe ba ne. Da kemo, wato maganin sankara mai ƙarfi, ake fara kashe ɓargon yaron, sannan a ɗura masa na wani ta jijiya kamar ƙarin jini, ya yi makonni a killace don ko mura tana iya kai shi ƙasa. In ɗan uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya kuma jikinsu ya dace, kusan tara cikin goma na yara suna rabuwa da ciwon. Dacewar ce wuya, kowane ɗan uwa ɗaya cikin huɗu ne rabonsa. Akwai waɗanda sabon ɓargon yake juyowa ya yaƙi jikinsu, akwai masu rasa haihuwa saboda kemon, akwai waɗanda ba sa fitowa.

Sadik Indiya: Yawwa Sista. Ni abin da ya tsaya min a wuya ke nan, "har na Indiya". Shekara nawa ina raka marasa lafiya Delhi ina musu tafinta? Da idona na ga yaron da ya dawo AA.

Habu Lab: Jininsa ne ya dawo AA. In ya girma ya yi aure, S ɗin zai ba 'ya'yansa, don dashe ba ya taɓa ƙwayar haihuwa. Kana faɗa wa iyayen haka kafin su sayar da fili?

Sadik Indiya: Me kake nufi da sayar da fili?

Habu Lab: Abin da na rubuta. Kuma ba dole sai Indiya ba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Benin ya yi na farko a ƙasar nan a 2011, ƙarƙashin Farfesa Bazuaye, yaro ɗan shekara bakwai da ɓargon yayansa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, su ma sun fara a 2024.

Sadik Indiya: Kai za ka kai ɗanka inda ake ɗauke wuta ana tsakiyar aiki?

Habu Lab: Ni dai ba ni da kamasho a ko'ina.

Sadik Indiya: Habu, ka fito fili ka ce min ɗan damfara mana, tunda yau ranar kalmar ce.

Barista Lawal: Kamasho ba damfara ba ne matuƙar an bayyana shi. In an ɓoye, wannan wani babi ne.

Alhaji Garba, shugaban zaure: A yi haƙuri a sassauta. Ni ganau ne ba jiyau ba. Wata biyar ina shan garin Anti Binta saboda suga, kuma awona ya sauka.

Sista Rabi: Alhaji, ka daina shan metformin ɗinka?

Alhaji Garba, shugaban zaure: A'a, ina haɗawa. Na kuma bar lemon kwalba da fura mai sukari.

Sista Rabi: To.

Anti Binta: Wace irin "to" ce wannan, Rabi? Ku ma'aikatan asibiti in abu bai bi ta hannunku ba sai ku yi ta yatsina.

Habu Lab: Alhaji, binciken sitem sel a kan suga yana nan ana yi, amma na nau'i na ɗaya ne, wanda jiki ya daina yin insulin gaba ɗaya, ba irin naka na manya ba. Kamfanin Vertex na Amurka ya raini ƙwayoyin a ɗakin gwaji har suka zama masu fitar da insulin, aka ɗura wa mutane ta jijiyar hanta. A sakamakon da suka fitar a 2025, cikin mutum 12 goma sun bar allura bayan shekara guda. Mutum 12 fa, kuma dukansu suna kan maganin danne garkuwar jiki. Su da suka kashe wannan dukiya ba su ce sun gama ba, sai leda ce ta gama? A jihar Fulorida ta Amurka a 2015 wasu tsofaffin mata uku kowacce ta biya dala 5,000 aka yi musu allurar "sitem sel" a ido biyu, ganin da ya rage musu ma ya lalace.

Ustaz Nura: Dakata. Waɗannan da ake raino a ɗakin gwaji, ba daga ɗan tayi ake ciro su ba? In haka ne maganar ta wuce damfara.

Habu Lab: Wasu haka ne, tun 1998 aka fara samo su daga ƙwan da ya rage a aikin haɗa haihuwa a kwalba. Amma a 2006 Yamanaka na Japan ya gano yadda ake mayar da ƙwayar fata ta koma uwa, ya ci kyautar Nobel a 2012. Na ɓargo kuwa ba ruwansa da ɗan tayi.

Ustaz Nura: Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta zauna a kan wannan a 2003, ta halatta in an samo ta hanyar halal, kamar daga baligi da izininsa ko daga mabiyiya da cibiya. Tambaya nake don kada a yi mana shigo-shigo ba zurfi.

Malam Ɗanjuma: Kuna ta Japan da Amurka kun manta na gida. Niprisan fa? Cibiyar binciken magunguna ta Abuja ce ta haɗa shi don sikila, da masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace. Da Bature ne ya yi shi da yanzu kuna rantsuwa da shi.

Sista Rabi: Shi ma rage tashin ciwo aka ce yana yi, Malam, ba wanda ya ce yana sauya jini. Kuma haidroksiyuriyar da aka ajiye wa Halifa a nan Kano aka gwada ta, a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, aka ga tana kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Ƙara jinin jarirai take yi a jiki, wanda ba ya lanƙwashewa. Sabon maganin nan Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 shi ma jinin jariran yake tadowa, ta hanyar gyara ƙwayoyin ɓargon mutum da kansa, a kan dala miliyan 2.2.

Kawu Sule: Ni dai gaskiya ɗaya ce. Da an yi gwajin jini kafin aure da duk ba a zo nan ba. AS da AS, me ake tsammani? Gara da Kano ta mai da shi doka a 2024.

Baban Halifa: Kawu, ɗana yana kwance da robar jini a hannu kake faɗa min da ban auri uwarsa ba? A 2013 wa ya tambaye ka jinotayif a wurin ɗaurin aure? Kai ne ma waliyyina ranar.

Maman Ilham: Haba Kawu. Wannan ba lokacinta ba ne.

Kawu Sule: Daga faɗin gaskiya.

Kawu Sule ya fita daga zaure.

Anti Binta: Ni har yanzu ina jira a janye kalmar nan. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. N3,000 nake samu a kwali.

Barista Lawal: Kin ga wannan ikirari ne na riba, Anti, da kin yi shiru.

Alhaji Garba, shugaban zaure: To jama'a, ya isa haka, bari in taƙaita abin da aka cimma. Lauyanmu ya tabbatar babu damfara tunda babu niyya. Ma'aikatan lafiyarmu da bakinsu sun yarda sitem sel yana warkar da sikila kuma yana aiki a kan suga, Ustaz kuma ya kawo fatawar Makka cewa halal ne. Kuskuren da aka yi a gidan Baban Halifa na ajiye maganin asibiti ne, ya kamata a riƙa haɗawa kamar yadda nake yi. Saboda haka muna roƙonsa ya janye kalmar ya ba Anti Binta haƙuri, yayarmu ce. Habu, a rage dogon turanci. Wani ya kira Kawu ya dawo da shi.

Habu Lab: Alhaji, ko kalma ɗaya ta turanci ban rubuta ba, kuma ba garin leda muka ce yana warkarwa ba.

Ustaz Nura: Fatawar ma ba a kan tuffa aka yi ta ba.

Baban Halifa: Ba zan janye ba. Likita ya shigo zagaye, ya ce gobe za a sallame mu in zazzaɓin bai dawo ba. Haidroksiyuriyar da na tambaya tun safe, akwai wanda ya san wurin?

Alhaji Garba ya sauya tsarin zaure, shugabanni kaɗai ke iya tura saƙo.