Tambaya: Na'urar kwaikwayon tuƙi ta isa ta shirya matuƙin jirgin sama ya sauka a kan jirgin ruwa?

Malam Sani, Gwarinpa:
Assalamu alaikum. Na san ana horar da matuƙa da na'urar kwaikwayon tuƙi, har kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ma tana da irin ta Boeing 737. To amma shin za ta iya shirya mutum ya sauke jirgin yaƙi a kan jirgin ruwa, alhali filin saukar tafiya yake yi, teku kuma tana ɗaga shi tana sauke shi?

Injiniya Bashir, Kubwa:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Jirgin dakon jiragen yaƙi na Amurka samfurin Nimitz tsawonsa kusan mita 333 ne, amma wurin saukar wani sashe ne da aka karkatar gefe, aka gitta masa igiyoyin ƙarfe uku ko huɗu. Jirgin sama mai sauka yakan zo da gudun kimanin kilomita 240 a awa, ƙugiyar da ke wutsiyarsa ta cafki igiya ɗaya, ya tsaya cak cikin daƙiƙa biyu ko makamancin haka. Babban amfanin na'urar shi ne sabar wa matuƙi da abin da hankali ba ya so: taya na taɓa benen jirgin ruwan, wato filin saukar, sai ya ba injin wuta sosai, domin idan ƙugiya ta kuskure igiya ya samu ƙarfin sake tashi, kada ya faɗa teku. Tana kuma horar da idonsa a kan fitilar jagora mai ruwan ɗorawa, wadda take hawa sama da layin koren fitilu idan ya yi sama da yawa, ta kuma sauko ƙasa da shi idan ya yi ƙasa. Duhun dare, hazo da iskar da ke hargitsewa a bayan jirgin ruwan, duk ana kunna masa su ba tare da an yi asarar ko ƙusa ɗaya ba.

Alhaji Ɗanladi, Garki:
Injiniya ya yi bayani, sai dai kada a ɗora wa na'urar abin da ya fi ƙarfinta. Sojojin ruwan Amurka sai sun sa matuƙi ya yi ta sauka da jirgi na gaske a filin tudu da aka zana kamar benen jirgin ruwa, jami'in lura da sauka yana tsaye a gefe yana ba shi maki, kafin a bar shi ya tunkari teku. Fizgar igiya da fargabar mutuwa ba sa cikin kwamfuta.

Injiniya Bashir, Kubwa:
Gaskiya ne, Alhaji. A nan gida ma, tun da Najeriya ba ta da jirgin dakon jiragen yaƙi, batun ya fi shafar matuƙan helikwafta masu sauka a kan jiragen sojan ruwa da dandamalin haƙar mai a teku.